'Ya'yan da Ba a Yi wa Tsaga Ba

A can wani zamani an yi wani sarki mai 'yar ƙaramar ƙasa tsakanin manyan dauloli biyu masu gaba da juna, ɗaya a gabas, ɗaya a yamma. Kowace daula ta ce sai ya ba ta ɗansa jingina.

Da aka haifa masa ɗa, sai ya hana wanzami yi masa tsagar gidansu, don daular gabas ta riƙe shi kamar nata, ya aika da shi can.

Mahaifiyar sarki ta ce, "Ɗana, in ba tsaga, da me za ka gane shi?"

Ya ce, "Inna, ni dai in zauna lafiya."

Aka haifi na biyu, ya sake hanawa, ya aika da shi yamma. Ta sake tambaya, ya sake cewa, "Ni dai in zauna lafiya."

Yara suka girma a can. Ran nan daulolin suka gwabza yaƙi a ƙofar garinsa, aka ce masa 'ya'yansa duka sun faɗi. Ya fita yana duba fuskokin gawawwaki ɗaya bayan ɗaya.

Masu haƙa kabari suka ce, "Ranka ya daɗe, waɗanne ne naka?"

Sarki ya shafa tsagar kumatunsa, ya rasa wanda zai nuna.