Mai Zama a Leɓen Sinki

Almuru ya kawo kai a unguwar Green Valley, fararen aku sun gama hayaniyarsu a kan itatuwa, Rukshana kuwa tana durƙushe a banɗaki tana wanke tukunyar dal, wato miyar wake, a cikin bahon wanka. Makonni ke nan gidan ba kicin. An ɓalle tsofaffin kantocin girki, an ciro tsohon sinki an jingine shi a bayan gida, bututun ruwa ya rage tsirara a bango an cusa masa tsumma.

Mai yanka dutsen da za a shimfiɗa a kan kantar kicin ya auna komai, amma ya ce ba zai sa zarto ba sai an gaya masa irin sinkin da za a sa. Akwai mai leɓe, wanda ake ɗorawa bisa dutse. Akwai wanda ake liƙawa ta ƙarƙashi, dutse ya rufe bakinsa, a share ruwa da ɓurɓushi su faɗa ciki kai tsaye. Ramin kowanne daban ne, dutse kuma in an yanka shi ba ya komawa.

Rukshana na ƙarƙashi take so. Tun tana amarya take kankare baƙin dattin da ke maƙalewa a gefen leɓen nan da tsohon buroshin haƙori, har yatsunta suka yi kanta. Mijinta Imtiyaz, direban bas, mutumin da ko kofin shayinsa bai taɓa ɗaurayewa ba, shi ne ya kafe ƙememe a kan mai leɓe.

Ya tsaya a ƙofar banɗaki ya ce, "Maman Shafinaz, danko ne fa kawai ke riƙe da wancan. Ran da kika cika shi da ruwa ya faɗo miki a ƙafa, kada ki kira ni."

"Wa ya gaya maka? Abokan shan kava, jiƙon saiwar nan naku?"

"Mutanen da suka san gini."

Ta ja tsaki. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai rabonka da kicin tun ranar da aka nuna mana gidan nan."

Ba ta rufe baki ba dutse ya sauka a kan rufin kwano. Wani dutsen ya biyo baya, ya gangara a hankali har indararo. Imtiyaz ya fita da fitila yana zagin yaran maƙwabta, bai ga kowa ba, sai tsakuwa jiƙaƙƙiya mai warin kwata a kan ciyawa.

Daga ranar, duk magariba sai an yi jifan. Bayan jifa sai shiru mai nauyi ya rufe gidan, cikin shirun kuma wani sauti ke fitowa daga bututun nan, ƙasa-ƙasa, kamar ƙananan yara suna kukan yunwa. Duk da haka, Allah na tuba, mutanen nan biyu ba su fasa gardamar sinki ba. Mai dutse ya buga waya har ya gaji.

Sai abin ya taɓa Shafinaz, 'yarsu tilo, mai karatun jinya. Wata yamma uwar ta same ta tsugune a tsakiyar kicin, cikin duhu, tana bin gindin bango da yatsa tana tsintar ɓurɓushin gurasar roti tana kaiwa baki.

"Shafinaz?"

Yarinyar ta waiwayo. Idanun nata ne, amma kallon na wata ne.

Ta daina ci a faranti. Ko an dafa mata kifi da gwaza, abin da take mutuwar so, sai ta kawar da kai, ta jira abin da ya zuba ƙasa. Asibiti suka duba suka ce lafiyarta ƙalau. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, Rukshana ta ga 'yarta tana ƙarewa a gaban idonta, tsoro ya hana ta sakat.

Aka ɗauko Maulbi Yakub, wani tsohon malami mutumin Labasa, can ƙasarsu ta asali, mai jan ƙafa ɗaya. Ya yi sallar magariba a falo, ya sa aka shimfiɗa tabarma a kicin aka zaunar da yarinyar. Ya daɗe yana karatu, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Tsumman bututu ya faɗo da kansa. Shafinaz ta sandare, bakinta ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito, a shaƙe.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Ni da 'ya'yana a ƙarƙashin leɓen sinkin nan muke tun kafin su sayi gidan. Abin da ya maƙale a gefe shi ne abincinmu. An rushe mana ɗaki, mun yi haƙuri. Mun jira, mun jira, su kuma sai cacar baki. Yanzu na ji matar nan tana so ta sa wanda ba shi da leɓe. Mu ci me? Mu kwana ina?"

Imtiyaz ya yi gyaran murya. "Ai dama ni na ce..."

Kan yarinyar ya juyo gare shi a hankali. "Kai wane ne? Ban taɓa ganin hannunka ba. Ita na sani. Ta sha ƙwace wa 'ya'yana loma da buroshinta, amma ba ta taɓa zuba ruwan zafi babu bismilla ba. Don haka ban taɓa ta ba."

Maulbi ya ce, "Ki fita, ko in ci gaba da karatu."

"Ci gaba. Kafin in ƙone, yarinyar ta riga ni."

Jikin Shafinaz ya soma kakkarwa, numfashinta yana sarƙewa. Maulbi ya dubi Rukshana ya ce, "'Yata, maganar taki ce."

Abu ɗaya tak Rukshana ta taɓa nema wa kanta a gidan nan, shi ne yau miji da aljana suka haɗa kai a kansa. Ta share hawaye da gefen mayafi, ta matso har gwiwarta ta taɓa ta 'yarta.

"Na ji. A sa mai leɓe. Amma wallahi na ajiye buroshi. Tunda ɗakinki ne, ke za ki share. In na ga ɗigon datti ɗaya, ranar zan sa a ɓalle shi."



"Ke mace ce mai tsanani," in ji muryar.

"Ke kika koya min. Sakar min 'ya."

Maulbi ya sa aljanar ta rantse ba za ta ƙara taɓa ɗan'adam a gidan ba. Ta rantse. Shafinaz ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta, can ta buɗe ido ta ce da muryarta ta ainihi, "Ammi, yunwa nake ji." Rukshana ta zuba mata shinkafa a faranti, ta zauna tana kallonta har ta cinye.

Aka yanka dutse, aka ɗora mai leɓe. Gefensa kullum fes, ko da an kwana da miya a kansa.

Da ƙaramar Sallah 'yan'uwa suka cika gidan, suka daɗe har rana ta faɗi. Imtiyaz ya tsaya daga ƙofar kicin yana nuna wa surukinsa sinkin da kofin shayi a hannu.

"Ka gani ko? Na gaya mata mai leɓe ba ya tara datti. Mata dai sai a hankali."

Rukshana ta rufe famfo, ta goge hannu, ta matsa gefe.

"Gaskiyarka, Abban Shafinaz. To ga wuri, zo ka wanke kofinka."

Ya dubi taga, ya ga gari ya yi duhu. Ya dubi leɓen sinkin. Sai ya ajiye kofin a ƙasa, nan bakin ƙofa, ya ce bari ya je kada jam'i ya wuce shi.