Sawu a Kan Sabon Kaftu

Ga ta nan tafe gare ku, ku matso kusa.

Ta iso, Kaka, mun kasa kunne.

Ranar wata Alhamis, da ƙarfe biyun rana, Doña Leonor ta dawo daga cin abinci ta buɗe ofishin tsofaffin sojoji na wata jami'a a nan Neiva. Ta tarar da tagar baya a wangale, fayil ɗin da ta bari a kan tebur kuma babu shi. Ba a taɓa kwamfuta ba, har biskit ɗin achira da ta ajiye a gefe yana nan. Fayil ɗaya tak aka ɗauka, na Arbey Tovar.

Shi Arbey ɗin nan shekara tara ya yi a soja kafin nakiya ta cinye masa ƙafar hagu a dajin Caquetá. Irinsu ana ba su gurbin karatu kyauta, shi kuma ilimin noma yake so, don ya koma ya gyara gonar kofin mahaifiyarsa. Da safiyar ranar ya kawo takardunsa na asali: shaidar aiki, takardar sallama, da rahoton likitocin soja. Washegari Juma'a da ƙarfe huɗu ake rufe karɓa. Kafin a fitar masa da wasu daga babban birni Bogotá sai an yi wata huɗu, wato shekarar ta wuce shi ke nan, ga shi ya riga ya sayar da babur ɗinsa ya kama ɗaki a gari.

Aka turo Sajan Nubia Cabrera daga ofishin 'yan sanda. Gajeriyar mace ce, 'ya'yana, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma gaggawa. Ta zauna a kujerar baƙi ta tambayi Doña Leonor su wa suka san fayil ɗin yana kan tebur. Doña Leonor ta ce mutum uku: ita kanta, sai Ferney Losada da ke bayan Arbey a layi, sai Perdomo, shugaban ƙungiyar ɗalibai tsofaffin sojoji, wanda kan leƙo kullum ya duba takardun sababbin shiga don ya nuna musu inda suka yi kuskure. Shi Perdomon bayan tafiyar Arbey ya zo.

Sajan ta fara da ita Doña Leonor ɗin. Mata biyu daga laburare suka shaida cewa tare suka ci abinci daga sha biyu har biyu saura. Ga makulli a jakarta, ga ciwon gwiwa da take fama da shi, me zai kai ta hawa taga? Aka cire ta.

A bayan ofis akwai ɗan fili da mai lambu, Don Eustorgio, ya kafce da safe zai shuka furanni. Ya ce da ya dawo daga cin abinci ya ga sawun takalmi ya ratsa tsakiyar kaftun zuwa taga ya dawo, alhali ga siririn daɓen siminti nan yana bin jikin bango. Haushi ya kama shi, ya ɗauki manjagara ya baje wurin.

"Don Eustorgio, ka share mini shaida," in ji Sajan.

"Furanni aka ɗauke ni in rena, Sajan, ba sawun ɓarayi ba."

Sai Ferney. Dogo ne mai saurin fushi, kuma duk layin sun ji cacar bakinsa da Arbey, don gurbi ɗaya ya rage a sashen noma, su biyu ke nema. Bai musa ba. Ya ce ya gaya wa Arbey cewa ƙafar roba ce za ta ci masa jarrabawa, Arbey kuma ya ce masa ai shi ƙafafunsa biyu sun tsira ne don a kicin ya yi yaƙinsa, yana fafatawa da dankali.

"Shekara bakwai na yi a dajin Putumayo, Sajan. Wasa ne irin namu. Wanda ban zage shi ba, ban ɗauke shi nawa ba."

"Ina kake daga sha biyu zuwa biyu?"

"Ƙarƙashin mangwaro, ina barci."

"Wa ya gan ka?"

"Ƙudaje."

Kafin la'asar kowa a jami'ar ya yanke hukunci cewa Ferney ne.

Perdomo kuwa mutum ne mai fara'a, yana shekara ta uku a sashen shari'a. Ya ce yana laburare lokacin, sai dai laburare da tsakar rana ba mai lura da wa ya shiga. Ya ce shekara shida ya yi a rukunin masu tono nakiya, don haka ya san zafin abin da ya samu Arbey. Ya dafa kafaɗar Arbey ya kira shi lanza, kamar yadda sojoji ke kiran abokin sintirinsu, ya yi alkawarin rubuta wasiƙa a ƙara masa lokaci. Da aka ambaci Ferney sai ya girgiza kai, ya ce zuciya ce kawai gare shi, a bi shi a hankali.

Da yamma Sajan na shan kofi a tsaye sai ta hangi Arbey ya zagaya zai ga tagar da idonsa. Maimakon ya ratsa ƙasa mai laushi, sai ya bi siririn simintin nan, yana dafa bango, ƙafar roba na zame masa. Ta ce masa ai da ya yanke ta tsakiya, tunda Don Eustorgio ya riga ya ɓata wurin.

Arbey ya yi 'yar dariyar kunya. Ya ce ba zai iya ba. Wanda ya yi sintiri a inda ake binne nakiya, abu na farko da ake koya masa shi ne kada ya sa ƙafa inda aka motsa ƙasa. Bayan shekara ɗaya ba sai ya tuna ba, ƙafar ce da kanta take ƙi. Ya ce ko lambun mahaifiyarsa, da hannunsa zai kafce shi, amma in ya juya baya ya dawo sai ya zagaya.

Sajan ta ajiye kofinta. Ta koma ofis ta karɓi fayil ɗin Perdomo daga Doña Leonor ta karanta, sannan ta roƙi Don Eustorgio ya sake kafce wurin da sassafe.

Ranar Juma'a da hantsi ta tsaya a gindin taga, Arbey na gefenta. Ta sa aka kira Ferney, ta ce ya zo ya ga wani abu. Ya iso bakin kaftun ya ja birki. Ta ce ya yanko mana, ba ta da lokaci.

"Ki sa mini ankwa in kin ga dama, Sajan, amma ba zan taka nan ba."

Ya bi ta simintin jikin bango. Sai aka kira Perdomo. Ya taho da kofi biyu a hannu, ɗaya nasa ɗaya na Sajan, ya ratso tsakiyar kaftun yana ba ta labarin wasiƙar da ya rubuta. Ko ƙasa bai kalla ba. Ferney da Arbey suka dubi juna.

Sajan ta karɓi kofin ta yi godiya, ta tambayi Arbey bataliyarsa da rukuninsa. Ya faɗa. Ta buɗe fayil ɗin Perdomo da ke hannunta ta karanto waɗannan ɗin dai, daidai da daidai, sannan ta karanta sunan: Duván Perdomo Cuéllar.

Ku sani sojoji da sunan dangi suke kiran juna, Perdomo kuma a nan jiharmu ta Huila ko dutse ka jefa sai ya faɗa kan ɗaya. Shi ya sa Arbey bai kawo komai a ransa ba sai yanzu. Ya ƙura wa mutumin ido.

"Duván ne ya goya ni awa uku ranar da na rasa ƙafa. Kunnensa na dama ba ya ji. Kana kama da shi, amma kai ba shi ba ne."

Mutumin ya ajiye kofinsa a kan taga, ya ce sunansa Wilmer, ƙanin Duván ne. Yayansa ya dawo daga daji ya shige ƙauye, ba ya son gari, ba ya son taro, takardunsa na cikin akwati suna shan ƙura. Shi kuwa yana son karatu bai samu hanya ba, sai ya ɗauke su ba tare da yayan ya sani ba.

Sajan ta yi musu bayani a hankali. Ta ce takun kaftu kaɗai ba ya kai mutum kotu, amma ya nuna mata inda za ta duba. Ɓarawon ya ratsa sabuwar ƙasa sau biyu ga siminti a gefe, Ferney kuwa ko da ɗauri a gabansa ya ƙi taku ɗaya. Saura mutum guda, wanda ya ce ya shekara shida yana tono nakiya amma ƙafarsa ba ta san tsoro ba. Shekara uku yana duba takardun sababbin shiga, ba don taimako ba, don ya tabbata ba wanda ya san Duván da zai shigo. Ranar Alhamis ya ga rukunin Arbey. In Arbey ya shiga jami'a, ranar taron ƙungiya na farko za a kira sunan shugaba cikakke.

Wilmer ya kai su ɗakin ƙungiya. Fayil ɗin na cikin kabad, ƙarƙashin tuta. Ya ce niyyarsa ya yi kamar ya tsinto shi ranar Litinin, bayan an rufe karɓa. Doña Leonor ta buga wa fayil ɗin hatimi kafin sha biyu.

An kori Wilmer daga jami'a, kotu ta yi masa ɗaurin talala. Arbey ya samu gurbin noma, ya gama, yana Algeciras yana noman kofi. Ferney ya jira shekara guda ya shiga, har yau in sun haɗu sai sun zagi juna. Duván na gaskiya ya ce shi ba ya son karatu, amma Arbey kan je ganinsa duk wata. An ƙara wa Sajan Nubia girma aka mai da ita Pitalito. Doña Leonor ta yi ritaya, Don Eustorgio kuwa yana nan yana lambunsa.