Wanda Ya Goyi Inna Daso

"Kai ka jawo min, Alkasim. Ba biri ba ne, ba ruwan sama ba ne, kai ne. Kuma ka daina sunkuyar min da kai kamar na Allah."

Inna Daso ce ke wannan faɗa, tana zaune a kan tabarma a falon ɗanta Abdurrahim, can ƙololuwar wani dogon bene a unguwar Pantai Dalam, ƙasar Maleshiya. Ƙafarta ta hagu na miƙe a kan filo, an naɗe ta da bandeji har ƙwauri. Alkasim kuwa yana durƙushe a bakin ƙofa, ledar abincin da ya sa aka ƙullo mata daga shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi, tana gefensa, ko kallonta ba a yi ba.

"Inna, ki yi haƙuri..."

"Haƙuri tuwo ne da za ka ƙullo min a leda?"

Abdurrahim ya rufe kwamfutarsa. "Inna, bawan Allahn nan fa taimakonki ya yi."

"Kai rufe min baki. Da ka ajiye wannan akwatin naka ka bi mu jiya, da wani ƙato ya isa ya taɓa ni?"

A bayan labulen kicin, Khaulah, autar Inna, ta dafe ƙirji. Ta san yau za a yanke maganar da ta hana ta barci tun zuwan mahaifiyarta.

Bikin kammala karatun Khaulah ne ya kawo Inna Kuala Lumpur, kuma da niyya ɗaya ta hawo jirgi: ta tattara 'yarta su koma Doguwa. Tun rasuwar mijinta Malam gidan ya zama daga ita sai awaki. Sai ga shi tana sauka aka tare ta da labarin wani Alkasim mai neman auren Khaulah, wanda karatunsa da saura, idan an ba shi yarinyar, a nan za ta zauna.

"Na ba ƙasar nan ɗa ɗaya," in ji Inna a ranar, "ba zan ƙara mata da 'ya ba."

Daga nan ko gaisuwarsa ba ta amsawa sai da "lafiya" guda, busasshiya.

To amma zaman bene ya ishe ta. Matar da ta saba sammako gona, ga ta an rataye ta a sama kamar ƙwaryar nono, ƙafafu har sun fara kumbura. Alkasim ne ya aiko ta bakin Khaulah cewa akwai dajin shaƙatawa a kan dutsen Bukit Gasing, nan kusa. Dutsen yana da hanyoyi masu wuya, inda matasa ke kama igiya suna hawa, amma akwai ta iyali, mai matakala da wuraren zama. Har ya je shi kaɗai ya taka ta, don ya tabbata gwiwar tsohuwa za ta ɗauka. Jiya kuwa suka fita su uku.

Gaskiyar da Inna ba za ta faɗa a falon nan ba ita ce, ta ji daɗin fitar. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancinta kamar farkon damina a gida. Ga mata da goyo, ga yara suna tsalle a matakala, ga tsofaffin 'yan Sin da sandunansu suna wuce ta suna murmushi. Ta riƙa tsayawa tana murza ganye tana shinshinawa.

"Wannan ɗan'uwan ɗorawa ne," ta ce. "Wancan kuwa ko akuya ba za ta ci ba."

A bayanta ta jiyo Alkasim ƙasa-ƙasa: "Kawo jakar, hasken idona, kin gaji."

Khaulah ta ce, "Ka yi a hankali mana, Inna na ji..."

Inna ta yi gyaran murya mai ƙarfi. Nan take suka matsa nesa da juna.

A wani benci ta zauna ta kwance ƙullin goronta, ragowar wanda ta taho da shi daga gida, tana ta tattalinsa a jiƙaƙƙen tsumma. Ba ta ankara ba wani biri ya diro, ya fizge ƙullin gaba ɗaya, ya koma gefe ya zauna yana kallonta.

"Inna, bar masa," Alkasim ya ce da sauri. "Ba a bin su."

Wa zai faɗa wa Daso yadda ake yi da biri? Ita da ta tashi a bakin dajin Falgore, tana korar su daga gonar masara tun ba ta fara ɗaura zani ba? Ta ciro takalminta ta jefe shi. Ya matsa, ta bi. Ya ƙara matsawa, ta ƙara bi, har ta bar shimfiɗaɗɗiyar hanya ta gangara waccan mai igiya, su Khaulah na kiranta a baya. Wata saiwa mai santsi ta kwashe ta. Ta ji ƙafar ta ce ƙas, ta yi zaman dirshan a cikin jar laka.

Kafin su iso inda take hadari ya rufe sama. Ruwan ƙasar nan ba ya sallama, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Khaulah ta gwada ɗaga ta, suka zube tare. Masu hawa duk sun gudu neman mafaka, laka ta fara gangarowa tana cika musu zani.

Alkasim ya durƙusa ya juya mata baya.

"Inna, ki ba ni izini."

"Gara in kwana a nan birai su yi min sutura."

"Inna, don Allah."

"Kai muharramina ne?"

Khaulah ta fashe da kuka ta riƙe hannunta. "Inna, Baba ya tafi... idan wani abu ya same ki a dajin nan ina zan sa kaina?"

Inna ba ta ce e ba, ba ta kuma sake cewa a'a ba. Alkasim ya zaro sallayarsa daga jaka ya yafa a bayansa, don kada jikinta ya taɓa nasa. Khaulah ta ɗora ta, ta warware gyalenta ta yi mata majanyi da shi, ta ɗaure tamau. Daso, mai jikoki, a goye kamar 'yar yaye.

Sai ya yi abin da ya sa ta leƙo ta kafaɗarsa: ya tuɓe takalmansa masu tsada ya miƙa wa Khaulah. Da tafin ƙafa ya shiga lakar, yana kafa babban yatsa kafin ya ɗora nauyi. Inna ta san wannan takun. Takun wanda ya taɓa ɗauko dami daga fadama ne. Ashe ɗan bokon da take yi wa kallon lagwani har faso ne da shi a dunduniya.

Khaulah na gaba tana ɗage rassa. Ba su yi wa juna magana ba, amma kafin ya nemi igiya ta miƙo masa, kafin ta zame ya ce "hagu". Inna na kallo daga inda take. Haka suke ita da Malam a gona, shekara da shekaru.

Da suka hau hanyar iyali, yana haki ya ce, "Inna, ba raba ki da ita zan yi ba. Ina gamawa gida za mu dawo. Daga Kano zuwa Doguwa ai tafiyar hantsi ce."

"Kalli gabanka," ta ce. Ta gode Allah da ruwa ke dukan fuskarta.

A rumfar bakin ƙofar dajin jama'a sun cika suna fakewa. Suna ganin su aka dare, aka ba su benci. Wata tsohuwa Bamaleshiya mai farin ɗankwali ta kama hannun Inna, ta nuna Alkasim. "Anak baik," ta ce, tana gyaɗa kai.

"Me take cewa?"

Khaulah ta sunkuyar da kai. "Wai kin haifi ɗa nagari."

"Ba ɗana ba ne," Inna ta ce da Hausa, da ƙarfi. Tsohuwar ta ƙara faɗaɗa murmushi. Ban da su Khaulah, duk rumfar babu wanda ya gane.

Wannan maganar ce ta kwana tana juya ta, har gari ya waye Alkasim ya zo dubiya.

Yanzu ta gyara zaman ƙafarta a kan filo, ta juya ga ɗanta.

"Kai Abdurrahim, tunda ku ne masu karatu. Na taɓa ji a tafsirin rediyo, amma ka tabbatar min. Mijin 'ya muharramin uwarta ne ko ba haka ba?"

Abdurrahim ya dube ta, ya dubi Alkasim. "Muharrami ne, Inna, da zarar an ɗaura."

"Har abada?"

"Har abada."

Wani cokali ya faɗi a kicin.

"Ke kuma fito, na ga ƙafarki a ƙasan labule."

Khaulah ta fito, ta durƙusa kusa da ita. Inna ta ɗora mata hannu a ka, ba ta kalle ta ba.

"Ni Daso, tun da uwata ta sauke ni babu wanda ya ƙara goya ni. Malam ma, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa ba. Sai kai, bare, a gaban Sinawa da Indiyawa da birai, har ana ce min na haifi ɗa nagari. Ba zan koma Doguwa da wannan abin kunya a wuyana ba."

Alkasim ya ɗago ido, sun cicciko. "Inna, kina nufin..."

"Ban gama ba. Ranar da ka karɓi takardarka, jirgin da ya biyo baya ya sauke min ku a Kano. Kuma daga ranar da aka shafa fatiha, ka gan ni ka kauce, ni ma in kauce, kamar yadda surukai masu mutunci ke yi. Goyo ya ƙare."

"Na ɗauka, Inna. Wallahi na ɗauka."

Khaulah ta kifa fuska a cinyar uwarta tana kuka tana dariya. "Innata..."

"Ɗaga min ƙafa, ja'ira, ciwo take." Amma hannun bai bar kanta ba.

Ta jawo ledar abincin ta leƙa ciki, sannan ta nuna Alkasim da yatsa.

"Ciro wayarka yanzu, ina kallo. Ka kira magabatanka, ka ce su wanke ƙafa su je Doguwa wurin Sirajo, kawun Khaulah. Su tafi da goro fari mai kyau, don birinku ya cinye nawa. Su zauna a gabansa su amsa min: wa ya ba ɗansu izinin goya matar mutane?"