Mai Kisan Yana Shafi Na Biyu

"Tauraro ɗaya!"

Auta ba ta juyo ba. Tana tsaye a kan wani dattijo da ta ɗora wa firam ɗin gwajin tabarau a hanci, tana sauya masa gilasai.

"Baba, wannan ya fi ko na farko?"

"Tauraro ɗaya, Auta! Ni za ki ba wa tauraro ɗaya?"

Edita ne, mutumin da za ta aura. Ya faɗo shagon tabarau ko sallama babu, waya a hannu, gumi a goshi.

"Ba kai na ba wa ba," ta ce. "Littafin na ba wa."

"To wa ya fitar da littafin?"

"Na farkon ya fi, 'yata," in ji dattijon. "Amma ku ci gaba, kunnena ƙalau yake."

Maganar ba ta da tsawo. Edita yana aiki a wani ƙaramin kamfanin buga littattafai. Shekaru ya yi yana naci kafin a yarda ya sake fitar da wani tsohon littafin binciken kisa da yake so tun yana yaro. Ya zaɓi takarda da kansa, ya tsaya a kan masu ɗinki, sannan ya rubuta gabatarwa. A shafi na biyu na gabatarwar, cikin zumuɗin yabon marubucin, ya faɗi wanda ya yi kisan.

Auta ta keɓe ranar hutunta guda don littafin. Ta dafa shayi, ta kashe waya, ta buɗe. Kafin shayin ya sha iska an gama mata labari.

Sai ta shiga shafin masu karatu, da sunanta da hotonta, ta ba littafin tauraro ɗaya cikin biyar, ta rubuta: "Takarda mai kyau, ɗinki mai kyau. Amma gabatarwar ta faɗi mai kisan tun kafin a yi kisan. Ku yage ta kafin ku fara."

"Kin iya kirana," ya ce.

"Na kira ka. Dariya ka yi, ka ce in girma."

"Littafin nan ya girmi kakarki! Duk duniya an san wa ya yi kisan!"

"Ni ban sani ba."

"Ina za ki sani? Ke da ba kya karanta komai sai soyayyar matuƙiyar kumbo da wani halitta mai zuciya biyu..."

"Uku."

"Uku! Allah ya ƙara masa!"

"Kuma ba wanda ya taɓa rubuta min a bango wace zuciyar ce za ta tsaya."

Edita ya ɗaga hannu sama kamar mai neman shaida daga silin.

"Haba, masoyiya! Ko yaron goye ya ga wannan mai gyaran agogon ya san shi ne!"

Dattijon ya cire firam ɗin a hankali.

"Mai agogon ne?"

Edita ya juyo ya dube shi.

"Mai bango shuɗi, ko? Jikata ce ta sayo min. Don shi ma na zo yin tabarau." Ya dubi Edita sama da ƙasa. "Allah ya saka maka, ɗana."

Auta ta nuna ƙofa da biro.

"Fita. Ina aiki."

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma Edita yana da 'yar ƙanwar uwa da ake kira Zuma, saboda daɗin bakinta. Tun tana makaranta take zuwa gidansu hutu, kuma hutun bai taɓa ƙarewa ba. Duk dangi sun san abin da take jira.

Ita ta kai wa Mama, mahaifiyar Edita, maganar.

Aka kira Auta. Ta tarar da Mama a falo, a kan kujerar da ba kowa ke zama a kai ba. Littafin yana cikin kabad ɗin gilashi, tsakanin kofunan baƙi, ko ledarsa ba a cire ba. Zuma tana ƙasa tana matsa wa Mama ƙafa. Edita yana tsaye jikin taga, yana nazarin labule.

"Karanta mata," in ji Mama.

Zuma ta gyara murya. "'Ku yage ta kafin ku fara.'"

"Akwai layi biyu a sama," Auta ta ce.

"Su ba su dame ni ba," in ji Mama. "A yage! Aikin ɗana! Ke kin san daren da ya kwana bai yi barci ba a kan abin nan?"

"Na sani, Mama. Ni nake kai masa maganin ciwon kai."

"Shi ya sa kika ƙara masa wani?"

"Ni dai, Yaya, kuka na yi da na karanta," Zuma ta ce, tana kallon Edita ta ƙasan ido. "Irin wannan rubutu sai mai zurfin tunani. Ba kowa ba. Wasu sun saba da labarin dodanni masu hannu huɗu."

"Zuciya uku," Auta ta ce. "Hannunsa biyu, kamar na kowa."

Mama ta yi salati. "Kun ji, ko? Har ta san hannunsa!"

Sannan ta yanke hukunci. Auta ta goge abin da ta rubuta, ta sake rubuta wani na ban haƙuri, ta ba da taurari biyar. In ba haka ba, maganar aure ta dakata.

Auta ta dubi Edita. "Kai ma haka ka ce?"

"Ki goge kawai mana, Auta. Danna waya ne fa. Mene ne a ciki?"

"In na goge, wani zai saya gobe, a ɓata masa yadda aka ɓata min."

"Wani! Wanin da ba ki sani ba ya fi ni?"

"Ba zan ce abu ya yi kyau ba alhali bai yi ba. Ko naka ne." Ta ɗauki jakarta. "Musamman naka."

Ta durƙusa ta yi wa Mama sallama. Ba a amsa ba.

A gida ma ba ta samu sauƙi ba. Yayarta tana guga Auta ta ba ta labarin, yayar ta ajiye dutsen gugar a kan rigar mijinta har sai da ta yi ƙauri.

"Ke wace irin mutum ce? Aurenki za ki kashe a kan tauraro?"

"Ba a kan tauraro ba ne."

"Mijina ya taɓa rubuta min waƙa. Wallahi ko akuya ba za ta saurara ba. Na ce masa ta yi daɗi. Ga mu nan da yara uku."

"Ya sake rubuta wata?"

"Kullum." Yayar ta ɗaga dutsen gugar. "Wannan ba shi ne zancen ba!"

Kwanaki suka tafi, Edita bai kira ba.

Shafin masu karatu kuwa ya kama da wuta. Zuma ta ba da taurari biyar, ta ƙara da cewa masu karanta soyayyar sararin samaniya su tsaya a duniyar wata, su bar littattafan manya. Sai 'yan kumbo suka taso mata. Wata ta ce littattafan bincike duk ɗaya ne, tsoho ya mutu a ɗaki kulle, a tara mutane a falo a yi musu lacca. Wani malami ya ce duk mai hankali ya san ba a karanta gabatarwa sai an gama littafi. Aka tambaye shi, to don me ake sa ta a gaba? Bai dawo ba.

Tsakanin wannan hayaniya akwai gajerun saƙonni. "Na gode, 'yar'uwa, na tsallake." "Da na ga wannan da wuri."

Auta tana karantawa a bayan kanta, tsakanin mai neman gyaran firam da mai neman ruwan goge gilashi. Ba ta jin ta yi nasara. Takaici take ji, da kewa, da takaicin kewar. Duk lokacin da ƙofar shagon ta motsa sai ta ɗago. Sau ɗaya ta buɗe sharhin, ta ɗora yatsa a kan wurin gogewa, ta daɗe a haka.

Ta kife wayar.

"Mai taurin kai," ta ce. Ita kanta ba ta san da wa take ba.

Ranar da ya turo saƙo, kalma huɗu ne: "Ki zo sito. Yanzu."

Ta so ta ƙi. Ta je.

Siton kamfanin yana bayan maɗaba'a, ɗaki mai warin gam da ƙura, kwalaye har rufi. Rana tana shigowa ta wata 'yar taga. Edita yana zaune a kan kwali, rula a hannun hagu, reza a dama. A gefensa kwandon shara ya cika da takardu.

Ta ɗauko ɗaya. Gabatarwar ce.

"Me kake yi?"

"Abin da kika ce. Ina yagewa."

"Kamfani ya yarda?"

"Oga ya ce tunda ni na jiƙa, in shanya da hannuna."

Ya ja reza. Bai dube ta ba.

"Muna cin abinci na tambayi Zuma wa ya yi kisan," ya ce. "Ta ce ba ta so ta ɓata wa Mama. Na ce Mama ba karantawa za ta yi ba, ki faɗa. Ta yi tari. Ta sha ruwa. Ta ce matar likita."

"Akwai matar likita a littafin?"

"Ko likitan babu!" Ya jefar da rular. "Shafi na biyu, Auta! Ko shafi na biyu ba ta kai ba, ta ce ta yi kuka! Duk gidanmu, duk abokaina, kowa ya ce min madalla. Ke kaɗai kika karanta. Ke kaɗai, kuma kika ba ni tauraro ɗaya."

Dariya ta taso mata, ta danne. Idonsa ya yi ja, ba na ƙura ba.

"Shi ne abu na farko da na taɓa rubutawa da sunana," ya ce a hankali.

Wannan ba ta sani ba. Ko ta sani, ba ta tsaya ta auna ba. Ta zauna a kan kwalin da ke gabansa, takardar a hannunta, ta sake karanta ta daga farko. Yanzu da ba abin da za a ɓata mata, sai ta ga rubutun. Yaro a ɗakin karatu na makaranta, yana ɓoye littafi a cikin riga don kada wani ya ara kafin ya gama.

"Rubutun yana da kyau," ta ce.

"Kar ki lallashe ni."

"Na taɓa?"

Ya yi tunani. "A'a."

"To yana da kyau. Wurin da ka sa shi ne ba kyau." Ta jawo kwandon sharar. "Wa ya ce ka zubar? Ka liƙa a ƙarshe. Wanda ya gama littafin zai so ya samu wanda za su yi hira."

Ya dube ta, ya dubi kwandon, ya dubi kwalayen da suka kai rufi.

"Kin san aikin da kika ƙara min?"

"Ina gam?"

Ya miƙo mata. Yatsunsu suka haɗu a kan kwalbar, bai saki ba.

"Na ɓata miki littafin," ya ce. "Wannan ba zan iya liƙa shi ba."

"Ba za ka iya ba."

"Ki yafe min, abar ƙaunata."

"Sakar min gam."

Ya saki, yana murmushi a karon farko.

"Mama fa?" ta tambaya.

"Na gaya mata ke zan aura, ta huce ko kar ta huce. Ta ce na zama bawan mai tabarau. Ta daina yi min magana, sai ta aiko Zuma. Zuma kuma ta daina yi min magana, don haka gidan shiru." Ya ɗauki rula. "Jiya dai Mama ta aiko tambaya ko kina yi wa tsofaffi ragi."

"Ta zo da kanta ta tambaya."

"Auta!"

"Zan je in gaishe ta. Amma ba zan ba da haƙurin abin da ban yi ba."

Suka ci gaba da aiki. Shi yana yanka, ita tana shafa gam tana dannawa da gefen hannu. Can ya yi gyaran murya.

"To... sharhin?"

"Yana nan."

"Ko yanzu da aka gyara?"

"Waɗanda aka riga aka sayar fa? Suna hannun mutane. Zan ƙara layi in ce an gyara sauran."

"Taurarin fa?"

"Sai na duba liƙin. Wannan ma ya karkace."

"Har bayan aure za ki bar shi?"

"Har bayan aure."

Ya daɗe yana kallonta, kamar mai lissafin shekarun da ke gabansa. Sannan ya ja dogon numfashi, ya buɗe sabon kwali.

An ɗaura auren kafin su gama kwalayen. Mama ta zo, ta zauna a gaba, ta rungume amarya daidai gwargwado. Zuma ta ce kanta yana ciwo.

Sharhin yana nan har yau. A ƙarƙashinsa akwai amsa guda daga mai gabatarwar, wadda ya rubuta ana saura kwana kaɗan biki: "Gaskiya ta faɗa. Ni zan aure ta, ku taya ni da addu'a."