Ɗan Aiken Malam Maccido

A tashar Ƙaura Namoda suka fara haɗuwa, a shekarun da Shari'a ta raba motar mata da ta maza. Mubaraka na tsaye da kular ƙanƙara, direban motar mata yana rantsuwa babu inda zai saka ta. Jinin awaki ne a ciki, ta ɗebo daga Jangeru za ta kai gwaji Gusau, in zafi ya taɓa shi kuwa ya tashi aiki.

"Kawo in riƙe miki, malama," in ji wani dogon saurayi daga motar maza. "Mu haɗu Gusau."

Bilyaminu ke nan, malamin lissafi a sakandaren Zurmi. Ya rungumi kular nan a cinya, murfinta na yoyo, ya sauka da wando sharkaf. Ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri, dariya ta ƙwace mata. Tun ranar ta raɗa masa Mai Jiƙa, shi kuwa Likitata yake ce mata, don likitar dabbobi ce.

Wayar salula ba ta daɗe da zuwa ba, a Zurmi sai ya hau tudun bayan makaranta kafin sabis ya kama. Kullum yana can kamar mai duban wata.

"Likitata, yau ma na hau tudu dominki. Awakin Zurmi na gaishe ki, ni kam gaisuwa ba ta ishe ni ba."

"Sauko kar ka faɗo, Mai Jiƙa. Ban iya ɗinkin mutane ba."

Tare suka cike takardun neman digirinta na uku, kan cutar da ke ƙarar da awakin mata a ƙauyukan iyaka. Allah cikin ikonsa jami'o'i biyu suka ɗauke ta, ɗaya nan kusa, ɗaya can kudu, ƙetaren kogin Kwara.

Mahaifinta Malam Maccido, dillalin shanu a kasuwar Shinkafi, bai yi boko ba, amma yana son karatun 'yar nan kamar ransa. Shi ya sa ya ƙi ba Bilyaminu aurenta. Yayarta Zuwaira ma malamin makaranta ta aura, ya yi alkawari har da rantsuwa, ana kai ta ɗaki karatu ya mutu. Ga kuma Alhaji Tambari ɗan kwangila yana zaryar neman aurenta, yana cewa har asibitin dabbobi zai gina mata.

Rannan tsohon ya tara Bilyaminu da Alhaji Tambari a zaure.

"Ni dillali na," ya ce, "ban sayen sa ban buɗa bakinai ba. Malamin da za ta zauna ƙarƙashinai shekaru, awa miji shi ke, sai an yi bincike. Ku tai ku gano min makarantun ga. In ta kusa ta fi, a yi aure ta yi karatu ɗakinta. In ta nesa ta, ba mai zancen aure sai ta ƙare."

Washegari Alhaji Tambari ya dawo, ko ƙafar motarsa ba ta yi zafi ba, ya ce ta kusa ta fi nesa ba kusa ba.

Bilyaminu ya ɗauki hutu ya shiga mota. Yana hanya saƙonta ya same shi:

"Mai Jiƙa, don Allah ka ce ta kusa. Ko yaya take zan yi haƙuri da ita. Kai ne ba ni iya haƙuri da rashinka."

Ya karanta har ya haddace, amma bai ba ta amsa ba.

Da ya dawo, ya durƙusa gaban tsohon a rame, Mubaraka na laɓe bayan ƙofa.

"To, mi kag gani?"

"Baba, malamin ta kusa dattijo na, ɗalibainai na yabon shi. Amma aikinai kan kaji shi ke, kuma na'urar da taka buƙata babu ta can. Malamar ta kudu kuwa mace ta, kan cutar ga ta awaki taka aiki. Na keɓe ɗalibanta na tambaye su bayan idonta. Sun ce tana da faɗa, amma tana karanta aikinsu, kuma suna ƙarewa kan lokaci. Akwai masallaci, akwai masaukin mata mai tsaro, na gani da idona. Ta kudu ta fi, Baba."

"Ka san abin da maganar ga ta jawo maka?"

"Na sani."

Mubaraka ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta. Ta ji haushinsa kamar ta mutu, ta rubuta masa:

"Ashe ka gaji da ni. Ai da faɗa min ka yi, ba sai ka tura ni ƙetaren Kwara ba."

Sai da ya isa Zurmi ya hau tudunsa amsa ta zo:

"Likitata, ran da na riƙe miki kula ban san ko sunanki ba, don kar aikinki ya lalace na yi. Yau da kika zama rabin raina zan zubar da shi da bakina? Ki tafi. Ina nan bisa tudu ina jira."

Ta sake wani kukan, wannan karon na kunya da so.

Ran Alhamis, bayan kasuwa ta watse, Malam Maccido ya sa aka kira shi. Bilyaminu ya zo da shirin sallama.

"Yaro," in ji tsohon yana murmushi, "ina kake zato shanun Shinkafi ka zuwa? Motocinmu na sauka garin can kullum. Na daɗe da sa a tambayo min, duk abin da kah hwaɗi na san shi. Ba makarantar nika bincike ba."

Bilyaminu ya ɗago kai ya dube shi.

"Wanda yah hwaɗi gaskiyar da ka cutar da shi don karatun ɗiyata, ba shi kashe mata shi. Na janye sharaɗina. Kuma ɗiya mace ba ta wannan tafiya ba muharrami. Ko can kudu ba su koyon lissafi?"

"Suna koyo, Baba," ya ce. "Wallahi suna koyo."

A bayan ƙofa Mubaraka ta saki wata ajiyar zuciya da har zaure sai da aka ji ta.

"Wagga kuma," in ji tsohon, "a ce mata laɓe ba shi cikin digiri."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a Shinkafi. Alhaji Tambari ya aiko da buhun shinkafa, bai dai samu zuwa ba. Zuwaira ce ta fi kowa rawar kai, ta yi ta guɗa tana share hawaye.

Ranar tafiya Malam Maccido ya rako su har tashar Ƙaura. Ya miƙa wa angon tsohuwar kular nan, an cika ta da dambun nama.

"Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari. Na ba ka amana. Ka kai ta, ka maido min ita dokta."

"In sha Allahu, Baba."

Ɗan kamasho ya matso yana nuna mata motar mata. Mubaraka ta gyara mayafi, ta dubi mijinta ta ƙasan ido.

"A'a, malam," ta ce. "Yau mota guda za mu shiga."