Kyamarar da Aka Mayar Sau Uku

Dutse na farko ya faɗo ana shirin magariba, Sadiƙa tana kwashe tuwo, mijinta Almu yana tsugune bakin randa yana alwala. Lokacin kaka ne, Sabon Birni duk ƙanshin sabon gero, an jingina dammuna a jikin rumbu ba a kai ga zubawa ba. Dutsen ya bugi kwanon rufi, ya gangaro ya tsaya gaban Almu. Ya ɗaga murya ya zagi yaran maƙwabta, sannan ya kai hannu ya ɗauka. A jiƙe yake sharkaf, da sanyi, da gansakuka kore a gefe ɗaya. Rabon garin da ruwan sama kuwa ya fi kwana arba'in.

Na biyu ya faɗa cikin tukunyar miya. Na uku bai ma zo ta kan katanga ba. Daga ɗakin marigayiya Hajo ya fito, mahaifiyar Almu, ɗakin da yake kulle tun ranar addu'ar bakwai. Gidan ya yi tsit, har kaji suka daina motsi a akurki. Can sai suka ji wata murya ƙasa-ƙasa, ta mace, tana rarrashin yaro. Babu jariri a gidan. 'Yarsu ɗaya ce, Surayya, mai shekara goma sha huɗu, tana zaune a ƙofar ɗaki da wata tsohuwar kyamara a cinya.

Wannan kyamara ita ce mafarin komai. Hajo tsohuwa ce mai taurin kai, duk tsawon ranta ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba, ko na katin zaɓe ta ƙi. Sai da ciwo ya kwantar da ita ta sassauta, da sharaɗi ɗaya: ban da waya, don ba ta son fuskarta tana yawo a aljihun mazan gari. A ɗauka da kyamara, a wanke a takarda, a rataye a ɗaki. Almu bai tsaya shawara ba, ya hau babur sai garin Isa, shagon wani Fatihu da ke sayar da tsoffin kyamarori a bayan tasha.

Fatihu mutum ne mai zaƙin baki, irin wanda zai rantse maka sau uku kafin ka tambaye shi komai. Ya ciro kyamarar daga akwatin gilashi, ya goge ta da gefen riga, ya ce daga Turai ta zo, ko ƙura ba ta sani ba. Sai da Almu ya isa gida ya gane abin da ya kwaso. Sai an danna sau goma take kamawa. Maɓallin goge hoto ya mutu. Gilashin baya, inda ake duba hoto, ya dushe. Murfin da ake ciro katin hotuna kuwa an liƙe shi da gam, ba ya buɗuwa sai an fasa. Hanya ɗaya ta rage ta fitar da hoto, wato igiyar da ake jona ta da kwamfuta, ita kuma Fatihu ya ce tana hanya daga Sakkwato.

Duk da haka an ɗauki hoto guda. Hajo zaune a tabarma da farin mayafi, ta tsuke baki, dariya na neman kufce mata saboda Surayya na tsokanarta daga bayan Almu. Kwana tara bayan nan ta rasu.

Almu ya sayi firem, ya kafa ƙusa a bango, ya rataye shi babu komai ciki. Sau huɗu yana bin hanyar Isa, hanyar da kowa ya san halinta, saboda igiyar nan. Yau direba ya manta da ita, gobe an aiko wadda ba ita ba. An gwada ɗaukar gilashin kyamarar da waya, baƙin tabo kawai ya fito. A zuwa na huɗu Fatihu ko ɗago kai bai yi ba, ya ce in Almu ya gaji da kyamarar ya kawo ya karɓa yadda ya ga dama, amma ya daina tara masa jama'a a bakin shago. Almu ya dawo zuciyarsa na tafasa. Ya tsani mutumin nan tsana mai tsanani, kuma babu yadda zai yi da shi, tunda fuskar uwarsa na hannunsa.

Surayya kuwa a ɗakin Hajo ta tashi, ita ta fi kowa kewarta. Kullum da yamma takan ɗauki kyamarar ta yi ta danna har ta kama, ta zuba wa kakarta ido. Wata rana ta danna baya, ta tarar da hotunan waɗanda suka riƙe kyamarar a da, don Fatihu ba ya goge komai. Bikin wasu baƙi, wani mutum da sabon babur, sai wata tsohuwar rijiya a kufai, an ɗauke ta da duhun magariba. Washegarin ranar aka fara jifa.

Kwana shida ana abu ɗaya, da rana lafiya lau, rana na faɗuwa duwatsu su fara sauka. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta. A rana ta bakwai jifa ya tsaya, Sadiƙa har ta fara hamdala, sai ta leƙa ɗaki ta ga Surayya zaune ta fuskanci bango, gashinta na ɗigar ruwa, tana rarrashin yaro da muryar da ba tata ba. Daga ranar ta daina cin abinci. Ko kunu aka kai mata baki sai ta datse haƙora. Cikin mako guda wuyanta ya zama kamar sillen kara.

Aka ɗauko Malam Hafizullahi daga Tsamaye, dattijo marar yawan magana. Ya iso bayan la'asar, ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka zaunar da yarinyar, uwarta na riƙe da kafaɗunta. Ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Inuwar rumbu ta yi ta tsawo har ta kai ƙofar zaure. Sai Surayya ta ɗago kai, idanunta a kafe.

"Ke wa ta?" in ji Malam. "Mi yarinyar ga ta yi miki?"

"Ba ta yi min komi ba." Muryar ta tsohuwa ce, a dushe. "Ɗana nika biɗa. Shina cikin akwatin ga na ubanta."

Ta ba da labarinta a gutsure, Malam na janyo ta da tambaya. Aljana ce, a tsohuwar rijiyar kufai take, bayan Gangara. Shekara biyu da suka wuce wani baƙo ya zo da magariba ya haska rijiyar da kyamara, ɗanta na zaune a bakinta, hasken ya ɗauke shi. Tun daga ranar take bin akwatin. Gida uku ta jefa kafin na Almu, kowane ya tsorata ya mayar wa Fatihu, shi kuma ya goge da gefen riga ya mayar cikin gilashi. Ya san komai sarai, shi ya sa ya rataya laya a ƙofar shago yake kuma rufewa tun la'asar. Ta gaji da jifa, don jifa mayarwa kawai yake sawa a yi. Yanzu ɗiya ta riƙe a madadin ɗa, kuma ba za ta saki ba sai an fasa akwatin.

Almu ya miƙe tsaye. Ya matso ya gaya wa Malam abin da ke cikin kyamarar. Malam ya juya ga aljanar, ya nemi ta ba su mako ɗaya, igiya na hanya, a fitar da hoton tsohuwa sannan a fasa.

Dariyar da ta fito daga bakin Surayya ba ta da daɗin ji.

"Igiyar Fatihu? Shekara biyu nika jin ana jiranta. Ɗiyarku ba ta kai mako, Malam, kai ma ka gani."

Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Yarinyar ta gantsare, ta yi ƙara, jini ya tsattsafo a leɓenta, Sadiƙa na kuka tana riƙe ta. Malam ya dakatar da karatun. Ya ce wa Almu zai iya korarta da ƙarfi, amma jikin yarinyar ba zai ɗauka ba, kuma gaskiya ita ma an zalunce ta. Sannan ya ɗaure ta da alkawari: za a fasa, za ta ɗauki ɗanta, ba za ta sake waiwayar gidan nan ba har abada. Ta yarda. Abu ɗaya ya ƙara nema, a bar Almu ya kalli uwarsa har a kira salla.

"Shi kalla," in ji ta. "Ni ma uwa ta."

Almu ya danna, kyamarar ta kama a dannawar farko, abin da ba ta taɓa yi ba. Ga Hajo nan a dushe, da farin mayafi, da dariyar da take ɓoyewa. Ya kalle ta, ya kalli wuyan 'yarsa. Bai jira ladan ba. Ya tashi ya janyo turmin Hajo daga gindin rumbu, ya saka kyamarar, ya ɗaga taɓarya. Sau uku ya sauke ta.

Wani sanyi ya ratsa tsakar gidan, mai warin tsohon ruwa. Suka ji kukan yaro sau ɗaya, gajere, can wajen katanga. Surayya ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta, ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa. Sadiƙa ta ruga madafa. Almu ya zauna gefen turmi ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Bayan kwana biyu direban motar Isa ya yi sallama da ƙunshi a leda. Saƙon Fatihu ne: igiya ta iso, kuma in Almu ya gaji da kyamarar ya aiko da ita, akwai wani mutumin Burkusuma da ke tambaya. Almu ya shiga gida, ya juye abin da ke cikin turmi a ledar, ya ƙulle, ya miƙa wa direban.

"Ka ce mishi ga ta nan. Shi goge ta da riga."

Igiyar kuwa bai yar ba. Ya rataye ta a ƙusar firem ɗin, tana lilo a kan gilashin da babu kowa a ciki. Duk Juma'a Sadiƙa takan share musu ƙura su biyun, kuma ba ta taɓa cewa a sauke ba.