Facin Cikin Safaya

Sufeto bai kai ga zama a kujerarsa ba Saje ya faɗo ofis yana washe baki.

"Yallaɓai, yau aiki ya zo da sauƙi. An kama direban bas a shingen bincike. Yaranmu sun ji safayarsa ta yi nauyi, suka buɗe, ga ƙwayoyi maƙil a cikin tayar."

"Ya musa?"

"Ko kaɗan. Cewa ya yi nasa ne."

Abin da ya faranta wa Saje rai shi ya hana Sufeto sukuni. Shi mutum ne mai shegen bin diddigi, ko maɓallin rigarsa ne ya cire sai ya san a ina ya faɗi. A duk zamansa a aikin nan bai cika ganin mai safarar ƙwaya ya karɓi laifi tun kafin a tambaye shi ba.

Direban, wanda abokan aikinsa ke kira Dogo, yana zaune a ɗakin tambayoyi ya haɗa kai da gwiwa. Lauyar da aka ba shi tana gefe, ranta a ɓace.

"Sufeto, ko kai zai ji maganarka," in ji ta. "Na gaya masa safara ba irin shari'ar mai sha ba ce. Shekaru ne masu yawa, kuma motar ma ƙwace ta za a yi. Mafitarsa ɗaya, mu nuna wa kotu bai san da kayan ba. Ya ce a'a, shi amsa laifi zai yi."

Sufeto ya jawo kujera. "Kai ka zuba su?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"Da hannunka ka ɓare tayar?"

"Da hannuna."

"A cikin me ka naɗe su?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Baƙar leda."

Sufeto ya gyaɗa kai kamar ya gamsu, ya fita. Ya riga ya ga kayan a kan tebur. Babu leda ko ƙyalle ɗaya, an naɗe su ne da yankakkiyar robar cikin taya, an ɗaure tamau.

A ɗakin ajiyar shaida ya naɗe hannun riga, ya zura hannu cikin tayar yana shafawa. Yatsunsa suka ci karo da faci. Ya kai hanci, ga warin sholisho bai gama fita ba. Ya juya bayan tayar, sai ya ga an zagaye hudar da alli, an ja layi biyu a tsakiya. Facin kansa mai kusurwa huɗu ne, an sassabe gefensa tsaf har ba ya kama farce.

"Saje, in za ka ɓoye kayan laifi, za ka tsaya ƙawata faci?"

"Ni dai in iska ta zauna, shi ke nan."

"To wannan hannunsa ba ya iya aikin ha'inci, ko da a cikin ha'inci yake."

Da ya fito ya tarar da matar Dogo a bakin kanta, riƙe da kwanon abinci, idanunta sun kumbura. Ta rantse mijinta ko sigari ba ya sha.

"Malama, safayar nan tana da wata matsala ne?"

"Ai ta daɗe a sace, ƙusa ta taka. Ni na yi ta masa mita, har ya kai wa Yaya ana gobe zai yi tafiyar nan."

"Yayan wa?"

"Yayansa, mai faci. Shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Maigidana ba ya kai tayarsa wurin kowa sai shi."

Ta faɗa ne da zuciya ɗaya, ba ta san me ta buɗe ba. Sufeto ya ji tausayinta ya kama shi sosai.

Da rana ya rage iskar tayar motarsa, ya tuƙa a hankali zuwa rumfar facin, Saje na gefe cikin kayan gida. Mai facin dattijo ne mai kauri, farcensa duk baƙin mai. Ya kafa jak, ya kwance tayar, ya tsoma ta a bahon ruwa yana juyawa. Bai ga kumfa ba.

"Tayarka lafiya lau, Malam. Iska kawai take so."

Sufeto bai ji shi ba, idonsa na kan tayoyin da ke jingine suna jiran masu su. Kowace da zagayen alli, da layi biyu a tsakiya.

"Wannan alamar fa, kowane mai faci haka yake yi?"

Dattijon ya yi murmushin jin daɗi. "Ina! Tawa ce ni kaɗai. In mutum ya dawo yana ƙorafi, da na duba na san ko aikina ne."

"Yaushe rabonka da motar ƙaninka?"

Murmushin ya ɗauke. "Wane ƙanin? Au, Dogo? Na kwana biyu ban sa ta a ido ba."

Saje ya buɗe but ɗin motar, ya gangaro da safayar Dogo har gaban ƙafar dattijon. Allin na nan fari tas.

"Ni Sufeto ne. Ƙaninka ya ce shi ya zuba, kuma haka zai faɗa wa alƙali. In ya faɗa, 'ya'yansa za su girma ba su san shi ba."

Dattijon ya daɗe yana kallon alamarsa. Sannan ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Bai san komai ba, wallahi. Wasu mutane ke kawo mini, in zuba, in ya isa can su canza tayar yana wurin cin abinci. Na ga huda ce a gabana, Yallaɓai, hannuna ya yi abin da ya saba."

Saje ya sa masa ankwa.

A caji ofis an riga an fito da Dogo, lauyarsa na tsaye kusa da shi. Yana hango yayansa ya zabura.

"Yaya! Ai na ce musu ni ne! Me ya kawo ka?"

Dattijon ya kasa ɗaga kai.

"Na san matsuwa ce ta sa ka," in ji Dogo. "Sau ɗaya ne, ko? Kuskure ne, ko Yaya?"

Matar Dogo ta rungume kwanonta.

"Tun ranar da ka fara hawa hanyar nan," in ji dattijon.

Dogo ya kawar da ido daga kansa. Ya ja da baya a hankali, ya ba su hanya, Saje ya wuce da yayansa ciki.